Gonar da Ke Shanye Ruwa da Wadda Ke Riƙe Shi

Mu da muka tashi tsakanin Taura da Gujungu mun san gona da gona ba ɗaya ba ne, ko da iyaka ce kawai ta raba su. Jigawa takan shanye ruwan hantsi kafin la'asar, gero ya ji daɗinsa. Fadamar bakin Kogin Haɗeja kuwa laka ce, tana riƙe ruwa har shinkafa ta nuna. Iyayenmu ba sa taya gona sai sun durƙusa sun damƙi ƙasarta. In ta dunƙule ta yi santsi, sun san abin shukawa. In ta zube ta tsakanin yatsu, to jaki zai sha ɗaukar taki a mangala.

Yau wa ke durƙusawa? Faɗin fili kawai ake tambaya.

Ku tuna fadama da rani, yadda take tsattsagewa. Babbar tsaga ta keta fili, ta haifi ƙanana, su ma su haifi nasu; ka fasa dunƙule guda, ka tarar da zanen nan a cikinsa. Ta manyan tsagogin ruwan farko ke gangarawa. Wanda saiwa za ta sha idan damina ta yi fashi kuwa, a ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani yake maƙalewa.

Ashe masana sun bi sawun abin. A 1975 Benoit Mandelbrot ya raɗa wa irin wannan siffa mai maimaita kanta suna firaktal, a 1990 kuma Tyler da Wheatcraft a Amurka suka nuna cewa daga yadda ƙofofin ƙasa ke rarrabuwa, manya zuwa ƙanana, ana iya lissafa ruwan da za ta riƙe yayin da take bushewa. Lissafi ne mai kyau, na kuma yi murna da shi, don ya gaskata hannun tsofaffinmu.

Abin da muka manta shi ne ƙofofin nan gina su ake yi. Shanun Fulani da ke kwana a gona bayan girbi, karan da ake bari ya ruɓe, gara da tana masu huda ƙasa, su ne magina. Yanzu kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi tas. Tarakta ta danne ƙasa tun tana jiƙe. Takin zamani ya ciyar da shuka, ya bar ƙasa da yunwa. Kogin ma, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, ya sake hali.

Da ɗaliban noma na Jami'ar Tarayya ta Dutse za su zo auna ƙasar Taura, ina so su fara da sallama a zauren tsohon manomi, ya rako su gona ya nuna musu inda ruwa ke kwana.