Yaƙin 1812: A Koya wa Ɗalibai Labarin Waɗanda Suka Yi Asara

Ya Edita,

Sau da yawa idan ana koya wa ɗaliban sakandare yaƙin da Amurka ta ƙaddamar kan Birtaniya a Yunin 1812, akan ce an tashi babu wanda ya yi nasara. Hujjar ita ce yarjejeniyar Ghent ta 24 ga Disamba 1814, wadda ta mayar da kan iyakoki yadda suke kafin yaƙi, kuma ba ta ce uffan ba kan ɗibar matuƙan jiragen Amurka da sojan ruwan Birtaniya ke yi da ƙarfi, alhali wannan na cikin abubuwan da suka kunna wutar. A ganina wannan koyarwa tana da giɓi. Ƙabilun asalin ƙasar da Tecumseh ya haɗa kansu sun mara wa Birtaniya baya don su tsare filayensu. An kashe shi a Oktoban 1813, ƙawancen ya watse, Birtaniya kuma ta janye buƙatar a ware musu yanki nasu a teburin sulhu. Su ne aka ci da yaƙi.

Wani malami zai ce lokaci ba ya isa, manhaja ta cika, yara kuma sun fi riƙe labarin ƙona Washington a Agustan 1814. Gaskiya ne, amma ai darasin da ake kashewa kan gumurzun New Orleans, wanda aka gwabza a Janairun 1815 bayan an riga an sa hannu kan sulhu, ana iya raba shi biyu. Rabin ya ishe su sanin Tecumseh, har da dubban bayin da suka tsere zuwa jiragen Birtaniya, aka zaunar da wasunsu a Nova Scotia da Trinidad.

Naka,
Mai karatu