Daɓen katako ya karce? Kada ka yi saurin ɗauko samfefa

Idan hutu ya zo, wasunku gidan 'yan uwa za su je a Abuja ko Kaduna, wasu kuma su bi kafinta koyon sana'a. A can kuna iya cin karo da daɓen da ba siminti ba, ba tayil ba, katako ne mai sheƙi. Ku za a sa shara, ku za ku ja kujera, idan kuwa ya karce ku za a fara kallo.

Yawancin irin wannan daɓe ba tsantsar katako ba ne daga sama har ƙasa. Siririn falle ne na katakon gaske aka manna a kan filawud mai hawa-hawa, kowane hawa an gitta shi a kan na ƙasansa don kada zafi ko laima su lanƙwasa shi. Kamfanin Kährs na ƙasar Suwidin ne ya yi rajistar wannan dabara a 1941. Fallen saman shi ne duk kyan daɓen, kuma wani bai kai milimita 1 ba, mai tsada ne yake kaiwa 4 zuwa 6. Ɗauko rularka ka dubi milimita ɗaya. Wanda ya hau gurzar wannan da samfefa mai kaushi, cikin 'yan mintuna zai huda shi, filawud ya leƙo. Daga nan babu gyara sai a cire allon gaba ɗaya a sa sabo, kuma samun mai launi iri ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Saboda haka, fara da gane zurfin karcen. Goge wurin da tsumma mai ɗan danshi, ka bari ya bushe, sannan ka gitta farcenka a kai. Idan farce ya wuce bai maƙale ba, banish ɗin sama ne kawai ya kurje, katakon lafiya lau yake. Wannan kaki ya isa: akwai sandar kaki mai launin katako da ake yi don wannan aiki, kamar kirayon ɗin 'yan firamare. Ka shafa, ka kankare rarar da tsohon katin roba, ka murza da busasshen tsumma mai laushi. Wajen zaɓen launi, gara wanda ya ɗan fi daɓen haske, domin mai duhu layi baƙi zai bari, ya fi karcen muni.

Idan farce ya maƙale, ko ka ga fari-fari a cikin ramin, an kai ga katako. Sai a cike da abin cike katako da kafintoci ke amfani da shi, a bari ya bushe sosai, a ɗan shafa samfefa mai laushi, lamba 220, a kan wurin kaɗai, ana bin tsawon zanen katakon ba a gicciye ba. Sannan a ɗiga banish da ƙaramin buroshi. Wannan matakin, ni dai shawarata, ka nuna wa mai gidan tukuna, kuma ka gwada a lungu, bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado.

Za ka ji wani ya ce a shafa man gyaɗa. Karcen zai ɓuya na 'yan kwanaki, amma man yana kama ƙura, kuma banish ba ya kama wurin da mai ya jiƙa. Akwai kuma daɓen da ake kira laminet, wanda hoton katako ne kawai aka rufe da roba mai tauri. Shi samfefa ba ta taɓa shi sam, kaki kaɗai.

Ga masu son kimiyya: a ma'aunin tauri na Mohs, farce yana wajen 2.5, ƙwayar yashi kuwa 7, ta fi banish tauri nesa ba kusa ba. Yashin da takalmi ya kwaso daga tsakar gida, da ƙurar hunturu, idan ƙafar kujera ta danne su aka ja, sun zama samfefa ke nan. Shi ya sa a yi shara kafin a goge, a bar takalmi a bakin ƙofa, a manna guntun kafet a ƙasan ƙafafun kujera. Kujerar kuma a ɗaga ta, ko da mutum biyu ne.