Taɓin hankali: ina rabonsa cikin kuɗɗin lahiya?

Cikin 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawalin ware ma kiwon lahiya kashi 15 bisa ɗari na kuɗɗin gwamnati. Tun 2006 Nijar ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa ga shekara 5 biyan magani. Mai taɓin hankali kuwa, danginsa ke biya. Babban sashen kula da wannan ciwo, Pavillon E, yana Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi. Manomin Tibiri ko Jiratawa, in rumbu ya ƙare, sai ya maida majinyacinsa wurin boka, wani sa'in har da mari. Wajibi ne hukuma ta horar da ma'aikatan likitocin karkara, ta aje magani kusa ga talaka.