Bashin Da Ke Kan Jami'a

A shekarar 2005, shugabannin jami'o'i 29 daga ƙasashe 23 suka taru a garin Talwar na Faransa, suka yi alkawarin haɗa gwiwa don jami'a ta yi wa al'ummarta hidima. Ɗaliban Nijar sun riga su: ran 9 ga Fabrairu 1990, uku daga cikinsu suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, jinin da ya share hanyar Taron Ƙasa na 1991.

Yau ga jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuɗin talaka aka gina su. Duk yarjejeniyar da za su ƙulla da ƙetare, wajibi ne ta kai ɗalibi gonar gero da bakin rijiya. In ta tsaya ga tikitin jirgin malamai, bashin yana nan.