Wane Irin Malami Za Mu Tarar a Shagon Koyon Sana'a?

Dogon hutu ya ƙarato, kuma tuni allunan "Ana Koyar da Sana'a" suka fara bayyana a ƙofar shagunan zare, ulu, duwatsun ado da kayan haɗa sabulu. Da yawanmu can iyaye za su tura mu, su biya kuɗin fom da na koyo. Tun 2011 aka sa darussan sana'a irin su ɗinki a manhajar babbar sakandare, amma a makarantu da dama a kan allo ake yin su, domin keken ɗinki bai wadata ba. Ke nan shago ne wurin da hannu zai taɓa aiki. A ganina muna da haƙƙin mu tambayi irin malamin da za a damƙa mu a hannunsa.

Gwaninta kaɗai ba ta isa ba. Akwai telan da zai yanka riga cikin minti biyar, amma ka tambaye shi dalilin da ya sa ya ƙara inci ɗaya a hammata, sai ya ce "haka ake yi". Malamin kirki yakan rage saurin hannunsa, ya faɗi abin da yake yi, sannan ya miƙa maka tef da alli da almakashi. In yana tsoron ka ɓata yadi, ai akwai takardar buhun siminti, wadda teloli da yawa suka koyi yanka a kanta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mayar da ɗalibi ɗan aike. A tsarin gargajiya yaro yakan yi shekaru a gaban ubangidansa, ya yi shara, ya sayo gawayin dutsen guga, ya kai wa masu kaya ɗinkinsu. Wannan hidimar ita ce kuɗin makarantarsa, kuma a hankali yake tsintar aikin. Mu kuwa tsaba aka biya, kuma 'yan makonni kawai gare mu. Wanda ya karɓi kuɗi ya bar yarinya tana sa maɓalli har hutu ya ƙare, ya ci amanar iyayenta. Wasu ma sai sun aiki ɗalibi sannan su yi yanka, wai kada ya iya ya buɗe shago kusa da su. Mai irin wannan tsoro bai kamata ya kafa allo ba tun farko.

Sai batun kaya. Mai shago ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi ba ne ya so a sayi zarensa. Amma ya rubuta duk abin da za a buƙata da farashinsa tun ranar farko, kada kowane mako a aiko gida da sabon lissafi. Wanda ya ga zai samu da sauƙi a kasuwa, a bar shi ya sayo.

Akwai kuma lafiya, wadda ba a cika maganarta ba. Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana ƙona fata, kuma in ta shiga ido tana iya makantarwa. A cikin ruwa ake zuba ta a hankali, ba a kwara mata ruwa a kai. Duk malamar da ta fara darasi ba safar hannu, ba ta yi wannan gargaɗin ba, a cikin ɗaki marar iska, kada ku koma wurinta ko da kyauta take koyarwa. Haka nan a tashi ɗalibai kafin magariba, musamman mata.

Haƙuri kuwa ba sai an faɗa ba. Wanda aka yi wa tsawa a gaban masu sayayya don ɗinkinsa ya karkace, gobe ba zai sake yin tambaya ba.

Ina roƙon malamanmu na darussan sana'a su zagaya shagunan da ke kewaye da makaranta kafin a ba da hutu, su ba mu sunayen waɗanda suka gamsu da su. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kafin a biya ko kwabo, ku je ku ga aikin da ɗaliban bara suka yi da hannunsu, ku tambayi keke nawa ne a shagon da mutum nawa za su hau shi.