Wa Ya Ce Ma'aikaciyar Jinya Ba Ƙwararriya Ba Ce?

Yau za mu leƙa Amurka, inda aka yi ta cacar baki a kan kalma guda ɗaya, wato "ƙwarewa". Fassarar da hukuma ta yi wa wannan kalma ce ke yanke yawan kuɗin da ɗaliba za ta iya ranta domin ƙaro karatu bayan digirin farko, kuma bambancin da ke tsakanin wadda kalmar ta shafa da wadda ta tsallake ya kai dala 100,000.

Sai mun fara daga tushe kafin maganar ta fito fili. Karatun jami'a a Amurka tsada gare shi, shi ya sa ɗalibai da yawa ke yin sa da bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A can karin maganar nan ta zauna daram, domin gwamnatin tarayya na bin mutum sama da miliyan 40 bashin karatu da ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma kusan kashi biyu cikin uku na bashin karatun ƙasar a wuyan mata yake.

Tun daga 2006 akwai wani tsarin rance mai suna Grad PLUS na masu digiri na biyu da na uku. Ɗalibi zai fara karɓar rancen da aka saba bayarwa, wanda ga yawancin ɗalibai tun 2007 bai wuce dala 20,500 a shekara ba. In bai isa ba, sai Grad PLUS ya cike giɓin har iya abin da jami'a ta ƙiyasta na kuɗin makaranta da haya da abinci da littattafai. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar da ake kira One Big Beautiful Bill, wadda ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu rance daga 1 ga Yulin 2026. Waɗanda suka riga suka fara karɓa an yi musu lamuni na tsawon shekara uku ko zuwa ƙarshen kwas ɗinsu. Saura kuwa dokar ta raba su gida biyu. Mai karatun gaba da digiri na gama-gari zai ranci dala 20,500 a shekara, kada jimilla ta wuce 100,000. Mai "digirin ƙwarewa" zai ranci 50,000 a shekara, jimilla 200,000.

To, su wane ne ƙwararrun? A watan Nuwamban 2025 kwamitin da Ma'aikatar Ilimi ta kafa ya amince da fannoni 11: likitanci iri biyu, likitan haƙori, likitan dabbobi, likitan ido, likitan ƙafa, harhaɗa magunguna, aikin lauya, ilimin addini, gyaran ƙashin baya ta hanyar tausa, da kuma ilimin halayyar ɗan'adam na asibiti. Ku sake karanta jerin. Babu aikin jinya. Babu koyarwa. Babu aikin kula da walwalar jama'a, babu gashin ƙashi, babu masu gyaran magana ga yara masu in'ina da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta karya wa harshe. Idan muka duba masu yin waɗannan ayyuka da aka bari a waje, kusan tara cikin goma na ma'aikatan jinya mata ne, masu gyaran magana sun ma fi haka, jami'an walwala sun haura kashi 80 cikin ɗari, malaman firamare da sakandare kuwa kusan uku cikin huɗu. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta fito ta yi tir da jerin tun a makon da aka ji labarinsa.

Adalci ne mu saurari hujjar gwamnati, don ba ta da rauni kamar yadda masu fushi ke nunawa. Na farko, ta ce rance marar iyaka ya sangarta jami'o'i: tunda sun san gwamnati za ta biya ko nawa suka yanka, sai suka yi ta ƙara farashi. Wannan zargi tsoho ne, tun 1987 ministan ilimi na lokacin, William Bennett, ya yi shi. A 2023 wasu masana tattalin arziki uku, Sandra Black da Lesley Turner da Jeffrey Denning, sun bi diddigin bayanan jihar Texas, suka gano cewa Grad PLUS ya ƙara yawan bashi da farashin karatu, amma bai ƙara yawan masu samun shiga ba. Na biyu, ma'aikatar ta ce kalmar ƙwarewa a nan rabe-raben ofis ne kawai, ba awon darajar sana'a ba, kuma mafi yawan ɗaliban jinya dama ba sa rantar abin da ya kai iyakar. Na uku, mata ba su ɓace daga jerin ba, domin a yau sun fi maza yawa a makarantun likitanci da na lauya da na harhaɗa magunguna, balle na likitan dabbobi.

Mun yarda cewa sa wa rance iyaka abu ne mai ma'ana. Babu alheri a ɗora wa jami'ar walwala bashin da albashinta ba zai taɓa saukewa ba. Inda muka rabu da gwamnati shi ne wurin da ta ja layin, da kuma wanda ta bari ya biya kuɗin gyaran.

Jerin nan gado ne. An kwafo shi kusan kalma da kalma daga wata tsohuwar ƙa'ida da ta yi shekaru da dama a littafin ma'aikatar, tun zamanin da in an ce ƙwararre ana nufin likita da lauya da limamin coci, nas kuwa ana mata kallon 'yar aiken likita. Ita tsohuwar ƙa'idar ma cewa ta yi waɗannan misalai ne, ƙofa a buɗe take ga wasu fannoni. Yanzu an mai da misali katanga. A tsawon waɗannan shekaru sana'o'in sun sauya. A jihohi fiye da rabi nas mai babban digiri tana duba marar lafiya, ta gano cuta, ta rubuta magani ba tare da likita ya tsaya a kanta ba. Nas mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata sai da digiri na uku take shiga aikin yanzu. Mai gashin ƙashi ma haka, shekara uku na digirin dakta. Idan ma'aunin shi ne iya biyan bashi, babbar nas na samun kusan ninki biyu na abin da limamin coci ke samu, amma shi yana ciki, ita tana waje. Wane ma'auni ne zai fitar da wannan sakamako in ba al'adar da aka gada ba?

Sannan mu yi lissafi. Ana yawan ambaton jimillar dala 100,000, amma iyakar shekara ce ke cizo. Ɗalibar gashin ƙashi mai kwas na shekara uku, abin da za ta samu duka shi ne dala 61,500. A jami'o'i da yawa kuɗin makaranta kaɗai ya wuce 20,500 a shekara, ba a zo maganar haya da abinci da renon yara ba. Adadin kansa bai motsa ba tun 2007, alhali farashin komai ya yi sama. Irin waɗannan kwasa-kwasai kuma suna haɗe da dogon horo a asibiti ko makaranta, galibi ba biya, wanda ke hana mutum riƙe cikakken aiki. Cewa mafi yawan ɗaliban jinya ba sa kaiwa iyakar gaskiya ce mai rufe wata gaskiyar: waɗanda ke kaiwa su ne masu karatu mafi zurfi, kuma su ne marasa gata da ba su da wanda zai cike musu.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan mata ba don ado suke neman digiri na biyu ba. Hukumomin jihohi ne suka ce sai da shi za a ba da lasisi. Mai gyaran magana ba ta aiki sai da digiri na biyu. Jami'ar walwala mai duba masu damuwar ƙwaƙwalwa ma haka. A jihar New York malami na da wa'adin shekara biyar ya kawo digiri na biyu in yana son lasisinsa ya ɗore. Hukuma ta kulle ƙofa da hannun dama, ta ce ga mabuɗi can a jami'a, sannan ta rage kuɗin sayen mabuɗin da hannun hagu.

Ina ɗalibar za ta dosa? Bankuna masu zaman kansu. Su kuwa sai sun duba tarihin bashinta, sau da yawa sai ta kawo wanda zai tsaya mata, kuma kuɗin ruwansu kan fi tsanani ga wanda ba shi da ƙarfi. Babbar asarar ma tana gaba. Tun 2007 akwai tsarin yafe ragowar bashin gwamnati ga wanda ya yi wa jama'a aiki a makarantar gwamnati ko asibitin da ba na neman riba ba, bayan ya biya sau 120, wato shekara 10. Malamai da nas-nas da jami'an walwala na cikin waɗanda aka yi tsarin dominsu. Bashin banki ba ya shiga wannan yafiya, ba ya kuma sauka idan albashi ya sauka. An gudu gara an faɗa gidan zago. 'Yar masu hali iyayenta za su sa hannu ta wuce. 'Yar talaka, wadda ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a, ko uwar da ta koma karatu da goyo, ita za ta tsaya a digirin farko.

Ba ita kaɗai za ta ji a jikinta ba. Makarantun jinya a Amurka kan mayar da dubun dubatar takardun neman shiga na waɗanda suka cancanta a kowace shekara, kuma ƙarancin malamai na kan gaba a dalilan. Malamin jinya kuwa sai da digiri na biyu ko na uku. Ke nan duk nas ɗin da kuɗi ya hana ƙaro karatu, an yi asarar malamar da za ta yaye ɗaruruwa. A ƙauyukan da likita ba ya son zama, babbar nas ce asibitin. Kuma ƙasar da ta gaza yaye nata ma'aikatan jinya, mun san inda take zuwa cefane: Filifin da Indiya da Najeriya da makamantansu. Ta nan ne hayaƙin wannan wuta zai iya isowa asibitocinmu, waɗanda dama kullum suna rasa gogaggun hannaye.

Gwamnati na fatan iyakar za ta tilasta wa jami'o'i rage kuɗi. Wasu za su iya ragewa. Amma jami'a na da shekaru na yin shawara, ɗalibar da ke riƙe da takardar gurbin karatu kuwa makonni gare ta. In jami'o'i ne suka yi laifin tsauwala farashi, su ya kamata a kama: a hana rancen gwamnati ga kwas ɗin da ɗalibansa ba sa samun abin biya, a tilasta bayyana farashi da albashin waɗanda suka gama. Dokar ma ta ɗauki wani ɓangare na wannan hanya, kuma can ne ya dace a sa ƙarfi. Ga ɗalibai kuwa, ma'auni mai sauƙi ya isa: duk digirin da hukuma ta wajabta kafin ta ba da lasisin aiki, digirin ƙwarewa ne, ko maza ne suka cika ajin ko mata. Sai a ɗaga adadin 20,500 ya bi tsadar rayuwa.

Mu ma muna da abin ɗauka. Najeriya ta fara nata rancen karatu a ƙarƙashin NELFUND bayan dokar 2024, kuma duk asusu irin wannan wata rana sai ya zaɓi wanda zai fifita. A yankin da mata da yawa suka fi sakewa da mace ta duba su a ɗakin haihuwa, ranar da za a zauna rubuta jerin kwasa-kwasai masu muhimmanci, ya kamata ungozoma da nas da malamar firamare su samu kujera a teburin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Amurka an zauna an fassara ƙwarewa, aka bar wadda ke kwana a gefen gadon marar lafiya a waje. Muna ganin kuskure ne, kuma gyaransa bai wuce a ƙara layuka kaɗan a jerin ba. Ku kuma me kuka gani? Wane ma'auni za ku sa in ku aka ba alƙalamin? Sai mun ji daga gare ku.