Jirgin Ruwa Mai Asibiti: Ina Namu Rabon Aikin?

Ni mutumin Diko ne, garin da ke kusa da Suleja, inda hanyar Minna ta haɗu da ta Abuja zuwa Kaduna. Babban ruwan da muka sani shi ne kogin Gurara, saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗan Diko da zancen teku? A yi mini haƙuri a bi ni sannu, domin maganar a ƙofar sashenmu za ta sauka.

A shekarar 1978 wani Ba'amurke mai suna Don Stephens da matarsa Deyon suka kafa wata ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Mercy Ships a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan. Dabararsu ita ce a sayi jirgin ruwa a mayar da shi asibiti, a riƙa kai shi tashoshin ƙasashen da ke fama da ƙarancin likitocin tiyata. Jirginsu na farko, Anastasis, ya yi aiki har 2007, shekarar da Africa Mercy ya gaje shi. A 2022 aka ƙaddamar da Global Mercy a Dakar, mai tsawon mita 174 da ɗakunan tiyata shida. Jirgi kan yi kimanin wata goma a ƙasa guda, kamar yadda aka yi a Kwatano daga 2016 zuwa 2017, da Duwala daga 2017 zuwa 2018. Mutanen cikinsa 'yan sa-kai ne, tun daga matuƙi da injiniya da mai dafa abinci har zuwa likita. Wasu ma da iyalinsu suke zaune, har da makarantar 'ya'yansu a cikin jirgin. A kyauta ake ɗinke wa yaro tsagaggen leɓe, a miƙe karkatacciyar ƙafa, a cire ƙari ko yanar ido.

Na san abin da wasu abokaina za su ce: ai yaɗa addini ya kawo su. Wannan zance ba sabo ba ne a wajenmu. A jirgin ruwa samari uku na mishan ɗin SIM suka sauka Legas a 1893, kuma ɗayansu, Thomas Kent, a Bida ya rasu a 1894. Daga baya mishan ɗin ya zauna a Patigi a 1902, ya iso har Diko, kuma daga gare shi cocin ECWA ta fito a 1954. Su ma mutanen jirgin ba su ɓoye cewa addininsu ne ya tura su ba. To amma Senegal da Gini, inda Musulmi suka fi yawa, duk sun karɓi jirgin da yardar gwamnatocinsu. A ganina, matuƙar ba a sanya wa maras lafiya sharaɗin sauya addini kafin a taɓa shi ba, to godiya ce ta dace. Wanda kuma abin ya sosa masa rai, gara ya zuba wannan kishin a gina asibiti. Ko a addini ai tsere aka ce a yi wajen alheri.

Damuwata dabam ce. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe. Jirgi ya cika wata goma ya ɗaga, yaron da aka yi wa aiki kuwa yana nan da uwarsa. Ita za ta wanke ciwon, ta ba da magani kan lokaci, ta gane in wuri ya fara ruɓewa. Duk wannan ya rataya ne a kan abin da ta fahimta daga bakin likitan da ba ya jin harshenta. Shi ya sa jirgin kan ɗauki 'yan ƙasa aiki a duk inda ya tsaya, kuma da yawansu tafintoci ne.

Na ɗanɗana nauyin wannan aiki da kaina. Ina aji biyar a sakandare aka ce wasu likitoci baƙi sun zo wani asibiti za su yi tiyatar leɓe kyauta na mako ɗaya. Wata maƙwabciyarmu tana da yaro ɗan shekara huɗu da ba ya fita wasa saboda tsokanar yara. Aka ce in raka ta tunda ina jin Turanci. Likita ya yi bayani, ni kuma na juya na ce, "Mama, daga tsakar dare kada ya ci komai." Da asuba yaro ya yi ta kuka, ta dama masa koko. Da aka tambaye ta a asibiti ta faɗi gaskiya, nan take aka cire sunansa, don ba a sa mutum barcin tiyata da abu a cikinsa, gudun kada ya yi amai ya shaƙe. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ci ka ce. Koko kuwa sha ake yi." Layi ya yi tsawo, mako ya ƙare, baƙi suka tafi. Sai da yaron nan ya ƙara fiye da shekara kafin a sami wata dama. Kalma ɗaya na bari a baya, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ga wani misalin. Akwai cutar da ke cinye kumatu da leɓen ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda likitoci ke kira noma. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yanzu a ce ma'aikacin lafiya ya shiga ƙauye yana cewa a guji noma, me manomi zai ɗauka? Wa ya kamata ya zauna ya tace sunan da kowa zai gane in ba mu ba?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta yi abu biyu. Na farko, mu haɗa kai da ɗaliban likitanci mu tattara kalmomin asibiti, mu gwada su a kunnen iyayenmu mata kafin mu rubuta. Na biyu, duk lokacin da aka yi aikin jinya kyauta a garuruwanmu, na coci ne ko na masallaci ko na gwamnati, mu miƙa kanmu a matsayin tafintoci, musamman masu jin Gbagyi ko Nufanci ko Fulatanci bayan Hausa.

Wani ya bar ƙasarsa ya ƙetare teku saboda ɗan da bai haifa ba. Mu kuɗin mota kawai za mu kashe. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.